Asusun Baƙo a Japan da Haƙƙin da ke Wuyan Zango



A cikin ƙorafe-ƙorafen da ake kawowa zauren Maigida a 'yan shekarun nan, akwai wani sabon iri da iyayenmu ba su san shi ba. Wani dattijo ya zo mana kwanakin baya ransa a ɓace. Ɗansa ya tafi karatu Japan, wata huɗu ke nan bai aiko ko sisi ba. Abin da ya fi ƙona masa rai kuma, ƙanensa mai sayar da motoci ya roƙi yaron a zuba kuɗin wani ciniki a asusunsa na can, ya cire ya miƙa wa dillali, yaron ya ce ba zai iya ba. Dattijon ya yanke hukunci cewa ɗansa ya ga wuri ya manta gida. Maigida ya umarce mu mu rubuta wa yaron, mu kuma bincika a wurin waɗanda suka san ƙasar. Da muka gama sai muka tarar gaskiya tana wajen yaron, kuma da ya bi umarnin baffansa da ya jefa kansa cikin halaka. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu baje maganar a fili, domin 'ya'yanmu suna ƙara nufar can, wasu da guraben karatu, wasu da fataucin motoci da kayan gyaransu.

Mu fara da abin da muka sani tun asali. Kakanninmu da suka bi hanyar goro daga Kano zuwa Salaga da Kumasi ba su da banki, amma suna da mai masauki. Falke yakan sauka a gidansa, ya damƙa masa dukiyarsa, shi ne zai nema masa mai saye, shi ne zai tsaya masa lamuni, kuma idan baƙon ya ci amana, mai masaukin ne kunya za ta rufe. Fuskar mutum da sunan gidansu su ne takardarsa. A kan wannan tarbiyya muka tashi, shi ya sa har gobe ba mu ganin aibu idan ɗan'uwa ya ce a turo masa kuɗi ta lambar wayarmu. Zumunci muke kiran abin. A Japan kuwa ba a san fuskar yaronmu ba, ba a san gidansu ba. Abin da banki ya sani game da shi shi ne katin zaman ƙasa da hukumar shige da fice ta ba shi, wanda aka fara bayarwa a watan Yulin 2012 ga duk baƙon da zai zauna fiye da wata 3. A jikin katin akwai sunansa, da adireshinsa, da irin izinin da aka ba shi, da ranar da izinin zai ƙare. Asusunsa na banki a ɗaure yake da wannan kati kamar yadda guga yake ɗaure da igiya.

Daga nan bambancin baƙo da ɗan ƙasa yake farawa. Wanda ya shiga da bizar ziyara ta kwana 90 ba shi da wannan kati, saboda haka ba zai buɗe asusu ba, ko da jakarsa cike take da kuɗi. Wanda ya samu katin ma sai ya fara zuwa ofishin ƙaramar hukuma an rubuta masa adireshi a bayansa. Sannan ga dokar musayar kuɗaɗen waje ta 1949, wadda a ƙarƙashinta ake ɗaukar baƙon da bai cika wata 6 ba a matsayin wanda ba mazauni ba, sai fa idan yana aiki a wani ofishi ko kamfani a cikin ƙasar. Saboda wannan, bankuna da yawa sukan ce wa ɗalibi ya dawo bayan wata 6. Ƙofar da aka fi samu a buɗe ita ce ta bankin gidan waya, wanda suke kira Yucho, mai hulɗa ta gidajen waya kusan 24,000 a faɗin ƙasar. Shi ma yana son ya ga sauran wa'adin zaman mutum ya haura wata 3, kuma asusun sabon zuwa yana da takunkumi a kan tura kuɗi har sai wata shidan sun cika. Ga kuma wata sarƙaƙiya mai ban haushi: banki yana neman lambar wayar Japan, kamfanin waya kuma yana neman asusu ko kati kafin ya ba da layi. Yaro yakan yi makonni yana kai da komo tsakanin biyun.

To, iyaye, ku dubi wannan da idon adalci. Hukumar ilimin Japan da kanta tana shawartar ɗaliban da ta ba tallafin karatu su zo da kimanin dalar Amurka 2,000 a hannu, domin kuɗin tallafin farko ba ya shigowa sai bayan wata guda ko fiye. Idan ɗalibi ya nemi izinin yin ɗan aiki, sa'o'i 28 a mako aka yarje masa lokacin karatu. Ga kuɗin ajiyar haya, ga na godiya ga mai gida wanda ba a mayarwa, ga inshorar lafiya da ta wajaba a kansa. Yaron da ke cikin wannan hali, idan bai aiko komai ba a watanninsa na farko, ba rowa ya yi ba. Bai gama kafa murhu ba ne muke tambayarsa tuwo.

Sai maganar kati. A nan gida, katin da banki ya ba ka shi ne na cire kuɗi, shi ne na biya a kanti, sau da yawa shi ne na saye a intanet. A Japan abin da aka saba bayarwa tare da sabon asusu kati ne na cire kuɗi a na'ura, da littafin ajiya na takarda wanda ake zurawa a na'urar ta buga duk abin da ya shiga da wanda ya fita. Akwai wani tsarin cikin gida mai suna J-Debit da ke ba da damar biya da wannan katin a wasu kantuna, amma bai yaɗu ba, kuma ba ya aiki a wajen ƙasar. Wanda yake son katin saye mai alamar Visa ko JCB, wanda ke cirar kuɗi nan take daga asusu, galibi sai ya nema daban ko ya zaɓe shi tun wajen cike fom. Yara da yawa sun ji kunya a gaban mai kanti saboda rashin sanin wannan. Na'urorin cire kuɗin ma ba duka ke kwana a buɗe ba, kuma da dare ko ranar hutu akan caji yen 110 ko 220. Katin da mutum ya zo da shi daga Gana ba kowace na'ura ke karɓarsa ba. Na gidan waya da na kantunan 7-Eleven su ne aka fi dogara da su.

Mutum zai yi mamaki a ce ƙasar da ta shahara da ƙere-ƙere har yanzu tana riƙe da tsabar kuɗi. A ƙididdigar ma'aikatar cinikinsu, biyan da aka yi ba da tsaba ba ya kai kashi 39.3 cikin ɗari a 2023, ya hau 42.8 a 2024, kuma kaso mafi tsoka a ciki na katin bashi ne. Mai sayar da koko a bakin masallacinmu da ke karɓar kuɗi ta waya ta riga wasu ƙananan gidajen abincin Tokiyo. Kuɗin wuta da ruwa da gas kuwa, ko dai a ba banki izini ya riƙa cira kowane wata, ko a ɗauki takardar a biya a kantin unguwa. Haya ma yawanci ta banki ake turawa. Wato wanda aka rufe wa asusu a can, albashinsa da hayarsa da layin wayarsa duk sun tsaya a rana ɗaya.

Akwai wahalar da ta keɓanta da masu irin sunayenmu. Bankunan Japan suna ajiye suna da wani rubutu nasu mai suna katakana, wanda kowace alama gaɓa ce guda, kuma ba ya bambanta lam da ra. Aliyu sai ya koma Ariyu, Usman ya koma Usuman, Bilkisu ta koma Birukisu. An gina fom ɗinsu a kan suna biyu, na iyali da na yanka, mu kuwa mutum ɗaya yakan ɗauki sunansa da laƙabinsa da na mahaifinsa da na kakansa. Idan ma'aikacin banki ya rubuta sunan ta wata siga, na wurin aiki ya rubuta ta wata, kamfanin waya ya yanke rabinsa saboda gurbi ya ƙare, sai na'ura ta ce mutum uku ne, kuɗi su maƙale. Shawararmu ga duk mai shirin tafiya ita ce ya tabbatar sunan da ke fasfonsa ya yi daidai da na takardun makarantarsa tun yana gida, idan ya isa kuma ya tsayar da siga ɗaya ta katakana, ya rubuta ta a takarda, ya riƙa nuna ta ko'ina. Haka batun hatimi. Japanawa sun daɗe suna buga ɗan hatimin suna da jan tawada a maimakon sa hannu. Tun 2020 gwamnatinsu ta rage amfani da shi a ofisoshinta, bankuna da dama kuma suna karɓar sa hannun baƙo, amma wanda ya buɗe asusu da hatimi ya adana shi kamar yadda yake adana fasfo.

Ba za mu ɓoye ra'ayinmu ba: a cikin wannan tsari akwai tsanantawar da ba ta dace ba. Ƙasar da baƙi mazauna cikinta suka haura miliyan 3 da dubu 700 a ƙarshen 2024, wadda kuma take gayyatar ma'aikata da ɗalibai saboda jama'arta suna tsufa, bai kamata fom ɗin bankinta ya kasa ɗaukar suna uku ba. Japan ce ta kafa taron raya Afirka na TICAD a 1993, ita ce ta ƙaddamar da shirin ABE a Yokohama a 2013 don kai matasan Afirka karatu. Tsakaninta da ƙasarmu ma akwai tsohuwar alaƙa: likitansu Noguchi Hideyo a Ankara, babban birninmu, ya rasu a 1928 yana binciken shawara, hotonsa ya zauna a takardar yen 1,000 daga 2004 har zuwa sauyin kuɗi na 2024, kuma cibiyar binciken da ke Legon sunansa take ɗauke da shi. Wanda ya gayyaci baƙo, haƙƙinsa ne ya share masa wurin zama. Mu mutanen Zango mun san ɗacin a tsare mutum a ce ya kawo takarda. Dattawanmu ba su manta da dokar korar baƙi ta 1969 ba, matasanmu kuma sun ga yadda aka yi ta yi wa wasu tambayoyi saboda sunansu lokacin karɓar Ghana Card, wanda tun Yulin 2022 ya zama shaidar da bankunanmu ke nema.

Amma gaskiya ɗaya ba ta kore wata. Tsanantawar tana da dalili, kuma wasu baƙin ne suka ƙara mata ƙarfi. Japan tana fama da wata irin damfara da ake yi wa tsofaffi: a kira tsohuwa a waya a ce ɗanta ne ko jikanta ya shiga matsala, ta ruga ta tura abin da ta tara. 'Yan damfarar ba sa karɓar kuɗin da sunansu. Asusun wasu suke saye, kuma cikin waɗanda suka fi nema akwai na baƙin da ke shirin komawa gida, waɗanda ke ganin katin ya gama amfani. A watan Agustan 2021 hukumar duniya mai sa ido kan halatta kuɗin haram, FATF, ta fitar da rahoton da ya ce Japan tana bukatar ƙara ɗamara, bankuna kuma suka ƙara matsewa. Yanzu idan wa'adin zaman baƙo ya ƙare bai kai sabon kati banki ba, ana iya tsayar da asusunsa. Sayar da asusu ko miƙa kati da littafi ga wani ya yi amfani da su laifi ne da hukuncinsa ke iya kaiwa ɗauri, ko tara, ko duka biyun. Karɓar kuɗin mutane ana tura musu ƙasashen waje ba da lasisi ba shi ma laifi ne a dokar bankinsu. Ga baƙo, bayan hukuncin kotu akwai hukumar shige da fice da ke jiransa ranar sabunta izini.

Yanzu a dawo kan buƙatar baffan yaron nan. Ɗalibi ne da kuɗin da ke shiga asusunsa a wata sananne ne. Kwatsam sai ga miliyoyi daga wanda banki bai sani ba, washegari an kwashe su tsaba. Ko da cinikin halal ne tsantsa, kamanninsa kamannin aikin 'yan damfara ne, kuma na'ura kamanni take gani. Za a tsayar da asusun, a kira shi ya yi bayani da harshen da bai gama koya ba, a kan cinikin da ba nasa ba, ba shi da rasiɗi ko ɗaya. Baffan yana Kumasi yana shan shayi, yaron ne zai tsaya gaban 'yan sanda. Mai son sayen mota daga Japan yana da hanyarsa: ya tura kuɗi ta banki zuwa asusun kamfanin da ke sayarwa, da takardar ciniki mai sunansa. Idan yaron kuma zai aiko gida, tun 2010 doka ta ba kamfanonin tura kuɗi masu lasisi damar aiki. Za a tambaye shi lambarsa ta My Number mai alƙaluma 12, da dalilin turawa, da alaƙarsa da mai karɓa. Wanda ya ɗauko tsabar da ta haura yen miliyan 1 zai shiga ko zai fita, wajibi ne ya bayyana wa kwastan.

Wani zai ce: to ina zumunci? Ashe takardar Japanawa za ta raba ɗa da baffansa? Amsarmu ita ce addinin da muka karanta bai san zumuncin da ake ginawa a kan cutar da ɗan'uwa ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Rubutu da shaida a harkar dukiya namu ne tun kafin mu ji sunan Japan, sakaci ne ya sa muka mayar da su alamar rashin yarda. Malamanmu kuma sun karantar da mu cewa wanda ya shiga ƙasa da izinin mutanenta ya ɗauki alkawarin kiyaye dukiyarsu da dokarsu, kuma cin amanar wanda ba Musulmi ba cin amana ne. Yaron da ya sayar da katinsa ranar da zai taho, aka yi amfani da shi aka kwashe kuɗin jinyar wata tsohuwa, yana da kaso a zunubin ko da yana gida ya manta. Ya kuma bar wa na bayansa gado, domin ma'aikacin bankin da ya ga sunan Musulmi ɗan Afirka a takardar 'yan sanda zai tuna da shi ranar da ƙanensa ya zo buɗe asusu. Mu 'yan tsiraru ne a nan, mun san yadda laifin mutum ɗaya yake zama sunan unguwa.

Akwai kuma abin da zai kwantar da hankalin iyaye masu tsoron kuɗin ruwa. Shekaru da dama ruwan da bankunan Japan ke bayarwa a kan ajiya bai taka kara ya karya ba, musamman daga 2016 zuwa Maris na 2024 lokacin da babban bankinsu ya riƙe ma'aunin ruwa a ƙasa da sifili. Daga baya ya fara ɗagawa. Amma bankuna da yawa suna da wani nau'in asusun da ba a sa masa ruwa ko kaɗan, wanda aka tanada don biyan kuɗaɗe, kuma inshorar ajiya tana kare shi gaba ɗaya, alhali asusun yau da kullum yen miliyan 10 da ruwansa kaɗai ake karewa. Yaro ya tambaya a banki ko za a mayar masa da nasa irin wannan. Inda haɗarin yake shi ne katin bashi. Baƙo yakan sha wuya kafin a ba shi, idan an ba shi kuma akan kwaɗaita masa wani tsarin biya kaɗan-kaɗan da suke kira ribo, wanda ruwansa ke kaiwa wajen kashi 15 cikin ɗari a shekara. Katin saye mai cira daga abin da mutum ya mallaka ya fi kusa da tarbiyyarmu, ya kuma fi sauƙin samu.

Abin da muke roƙo bai da yawa. Iyaye su ba yaro wata shida zuwa shekara kafin su fara lissafi da shi, kuma su sallame shi da guzurin da zai riƙe shi. 'Yan kasuwarmu su daina neman bi ta asusun ɗalibai, ko da alkawarin lada. Yaran da ke can su kai sabon katin zama banki duk lokacin da aka sabunta shi, su sanar idan sun sauya gida, kada su ba kowa kati ko lambar sirri, ko da wanda suke sahu ɗaya da shi a masallaci ne. Ranar da za su taho gida gaba ɗaya, su biya abin da ke kansu, su je banki su rufe asusun da hannunsu. Waɗanda suka daɗe a can kuma su zama masu masauki na wannan zamani: su raka sabon zuwa ofishin ƙaramar hukuma, su tsaya masa tafinta a banki, su gaya masa gaskiya tun bai faɗa rami ba.

Dattijon da ya kawo ƙara ya dawo zaure bayan mun karanta masa abin da muka samo. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce a rubuta wa yaron cewa ya yafe masa. Maigida ya ce masa, Alhaji, a dai rubuta cewa kai ne kake neman yafiya. Aka yi dariya, amma haka muka rubuta, shi kuma ya sa hannu.

Allah Ya kare 'ya'yanmu a duk inda suke, Ya ciyar da su halal, Ya dawo mana da su da mutuncinsu.